Yadda Ake Shirya Tafiyar Ƙafa Da Kwanan Tanti A Yankari, Daga Gida Har A Dawo

Tambayar da aka fi aiko mini da ita ita ce: mutum yana Bauchi ko Gombe, yana son ya je Yankari ya kafa tanti ya kwana, ya kuma taka daji da ƙafarsa, to daga ina zai fara? Wasu ɗalibai ne da suka yi karo-karo, wasu abokan aiki ne, akwai ma magidantan da ke son tafiya da iyali. Amsar ta fi ƙarfin saƙon waya, shi ya sa na jero ta a nan bi da bi. A bi jerin yadda yake, domin yawancin wahalar da ake sha a daji tun daga gida ake ɗauko ta.

Sharaɗi ɗaya ne ya hau kan komai. Yankari ba gidan zu ba ne. Daji ne mai faɗin murabba'in kilomita 2,244, giwaye da ɓauna suna yawo a sake, akwai dorina da kada a kogin Gaji, akwai kuma 'yan zakunan da suka rage. Ba a shiga cikinsa da ƙafa sai da izini, kuma sai da ma'aikacin gandu a gaba. Duk abin da zan faɗa a ƙasa, a kan wannan sharaɗin na faɗe shi.

1. Tsayar da lokaci

Lokacin da ya fi daɗin tafiyar ƙafa da kwanan tanti shi ne daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Fabrairu. Rana ba ta ƙuna sosai, sauro ya ragu, hanyoyin cikin daji sun bushe. Sai dai dare akwai sanyi na gaske, yakan sauka zuwa wajen digiri 12, ga hazo da kan hana hangen nesa.

Wanda burinsa ganin dabbobi ne ya jira ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu. A lokacin ciyawa ta kwanta, ƙananan tafkuna sun ƙafe, dabbobi kuwa dole su gangaro bakin Gaji shan ruwa. Amma a Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40, kuma tafiyar ƙafa bayan ƙarfe goma na safe a irin wannan zafin neman ciwo ne. Ni dai idan sabon shiga ya nemi shawarata, Fabrairu nake ce masa, domin ya samu rabonsa ta ɓangaren biyu.

Damina, daga Mayu zuwa Satumba, ka bar ta. Daji ya yi kyau, amma ciyawa ta fi tsayinka, ba ka ganin abin da ke gabanka, mota na kafewa, tanti na jiƙewa.

Gargaɗi: hutun Sallah da na Kirsimeti da sabuwar shekara sansanin Wikki, inda masaukin baƙi yake a cikin gandun, kan cika maƙil. Mai neman natsuwa ya je a tsakiyar mako.

2. Nemi izini, ka tambayi halin tsaro

Yankari ya taɓa zama gandun tarayya daga 1991, amma tun 2006 ya dawo hannun gwamnatin Jihar Bauchi. Don haka masu kula da gandun a ƙarƙashin jiha su za ka tuntuɓa, ba hukumar gandun daji ta ƙasa ba, wadda ke riƙe da irin su Gashaka-Gumti da ke Taraba da Adamawa.

Ka tuntuɓe su aƙalla mako biyu kafin tafiya, kuma ka yi tambayoyinka dalla-dalla. Shin a wannan lokacin ana barin baƙi su kafa tanti, kuma a wane wuri? Ana fita tafiyar ƙafa, ko yawon mota kawai ake yi? Ma'aikaci nawa za a haɗa ku da su? Nawa ne kuɗin shiga na babba da na yaro da na ɗalibi, nawa ne na mota, kuma ana karɓar na kyamara? Ka rubuta sunan wanda ya amsa maka da ranar da kuka yi magana. Idan ɗalibai ne, wasiƙa daga makaranta tana sauƙaƙa abubuwa.

Sai maganar tsaro, wadda bai kamata a ji nauyin yin ta ba. Dazuzzukan yankin Alkaleri sun sha fama da 'yan bindiga a wasu lokuta, kuma labarin watan jiya ba ya amfani yau. Ka tambayi ma'aikatan gandun, ka tambayi wani mazaunin Alkaleri ko Dindima da ka yarda da shi, sannan ka sake tambaya ana gobe tafiya. Idan aka ce a dakata, a dakata.

Gargaɗi: kada ka tura wa kowa kuɗi don ya ce zai kama maka wuri, alhali a Facebook ko WhatsApp kawai ka san shi. Ka biya a ƙofa ko a ofis, ka karɓi rasit.

3. Haɗa ayari da kasafin kuɗi

Mutum huɗu zuwa takwas ya isa. Ƙasa da haka, idan ɗaya ya ji ciwo babu masu ɗaukarsa. Sama da haka, hayaniya ta kori dabbobi, ga wahalar tattara kan jama'a. A naɗa shugaba ɗaya, ma'aji ɗaya, sai mai kula da akwatin magani. A tambayi kowa a asirce ko yana da asma, ciwon suga, hawan jini ko farfaɗiya. Ba don a hana shi zuwa ba, don a san abin yi ne idan ta taso.

Farashi na canzawa kusan kowane zango, don haka ka yi lissafi da abin da aka faɗa maka a mataki na biyu. Wuraren da kuɗin ke tafiya su ne mai, kuɗin shiga, kuɗin wurin kwana, motar yawon kallon dabbobi, ladan jagora, abinci da ruwa, da hayar tanti idan ba ku da shi. Mai shi ne ya fi ci. Daga garin Bauchi zuwa Wikki tafiyar ta haura kilomita 100, zuwa da dawowa ke nan ka ƙiyasta kusan 240. Motar da ke cin lita ɗaya a kilomita 10 za ta sha lita 24, ka ƙara shida saboda zirga-zirga, ya zama 30. Masu tasowa daga Gombe su ƙara sosai a kan haka.

Bayan an tara jimla, a ɗora kashi ɗaya cikin biyar a kai a ajiye a hannun ma'aji don faci ko rashin lafiya. In ba a taɓa ba, a raba a hanyar dawowa. A tafi da tsabar kuɗi, har da canji, domin sabis na zuwa yana ɗaukewa, kuma tiransifa na iya maƙalewa a daidai lokacin da ake buƙata. Ladan ma'aikacin da ya raka ku kuwa, kada a yi masa ƙoro. Mutumin nan shi ke kwana a daji yana fama da mafarauta don giwayen da kuka zo gani su rayu.

4. Takalmi da sutura

Takalmi sawu-ciki mai ƙarfin tafi, wanda ya rufe idon sawu idan da hali. Na gwanjo mai kyau a kasuwar Wunti ko Muda Lawal ya wadatar, ba sai sabo fil ba. Abin da ba na so shi ne mutum ya sayi takalmi ranar Alhamis ya shiga daji da shi ranar Asabar. Ka sa shi kullum har mako biyu, ka yi tafiyar awa ɗaya da shi sau uku ko huɗu, ka ji inda yake cizo. Ka gwada shi da safar da za ka je da ita, mai kauri, ƙafa uku. Silifas na zaman sansani ne da wanka kawai.

Riga mai dogon hannu, dogon wando, yadi mai ɗan kauri amma mai shan iska. Launi ya zama ruwan ƙasa, kakin soja mara zane ko ruwan toka. Malafa ko hula mai baki, rigar sanyi da hular sanyi don dare. Mata su zaɓi hijabi matsakaici da wando a ƙarƙashin doguwar riga, domin dogon hijabi ƙaya na kama shi kowane taku.

Gargaɗi: kada a sa baƙi ko shuɗi mai duhu. Ƙudan tsando na bin waɗannan launuka, kuma akwai shi a kurmin bakin Gaji. Cizonsa na ratsa siririn yadi. A kuma guji tufafi masu zanen kayan sojoji, don kada a samu matsala a shingen bincike.

5. Ruwa

A nan mutane suka fi yin kuskure, don haka zan daɗe a kai. Kowane mutum na buƙatar lita 4 na sha a rana idan ana tafiyar ƙafa, a bazara har 5. Jakar fiya wata ɗaya ƙulli 20 ce, kowanne rabin lita, wato lita 10. Ke nan mutum shida a kwana biyu za su sha kusan jaka biyar, ban da na girki da alwala da wanke kwano, wanda jarka biyu masu lita 25 za su ɗauke. Ka sayi ruwanka tun daga gari. Ko da za a samu a sansani, ya fi tsada, kuma ba a gina tafiya a kan "ƙila".

Lokacin fita da ƙafa, kowa ya ɗauki lita 2 zuwa 3 a jikinsa, cikin gora mai murfi, ba a leda ba. Ledar fiya wata na fashewa a jaka ta jiƙa komai, kuma da an sha sai a yar da ita a daji. A riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan duk bayan minti ashirin, ba sai ƙishi ya kama ba. Hunturu ya fi yaudara, domin iska na busar da gumi kafin ka gan shi, sai ka ɗauka ba ka rasa ruwa ba. Alamar da ba ta ƙarya ita ce fitsari: idan ya yi ja ya ragu, kana baya. Ciwon kai, jiri da ɗaurewar jijiya suna biyo baya.

Ka tafi da ƙullin ORS, wato haɗin gishiri da sukari na mayar da ruwan jiki, aƙalla biyu kowane mutum. Idan ya ƙare, a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta a zuba ƙaramin cokalin shayi shida na sukari da rabin ƙaramin cokalin shayi na gishiri, a shafe bakin cokalin kada a tula.

Gargaɗi: kada a sha ruwan kogi ko na kududdufi komai haskensa. Idan dole ta kama, a tace da tsumma mai tsabta a tafasa shi sosai. Kuma ba a zuwa ɗiban ruwa bakin kogi ba tare da jagora ba, saboda kada da dorina.

6. Abinci

Abin da ba ya lalacewa, mara nauyi, mai riƙe ciki. Garin kwaki da sukari da madarar gari, ƙuli-ƙuli, soyayyar gyaɗa, dabino, kilishi, dambun nama, burodi na ranar farko, taliyar leda da kifin gwangwani na dare, ganyen shayi. Dafaffiyar shinkafa da miya daga gida a ci ta a ranar, kada ta kwana. Ƙaramar tukunyar gas mai kilo 3 ta ishi mutum shida kwana biyu har da ragi. Ashana kwali biyu, a ɗaure ɗaya a leda.

Komai a juye shi cikin bokiti ko kula mai murfin da ke kullewa. Dalilin yana mataki na goma.

7. Tanti, shimfiɗa da jaka

Ko naka ne ko na haya, ka kafa tantin a tsakar gida kafin tafiya. Ka ƙirga sanduna da turaku, ka ja zif sama da ƙasa, ka shiga ciki da rana ka duba ko haske na shigowa ta wata ɓula a ragar sauro. Tantin da aka rubuta na mutum huɗu, uku yake ɗauka idan da jakunkuna. Turakun da ke zuwa da tanti mai araha sirara ne, ƙasar rani kuma ta yi tauri, don haka ka je wajen maƙeri ko mai walda ya yanka maka rodi guda takwas mai tsawon taƙi ɗaya ya lanƙwasa kansu, ka haɗa da ƙaramar guduma.

Sai tamfol na shimfiɗawa a ƙarƙashi, tabarma da siririyar katifa, bargo mai kauri. Sanyin ƙasa ya fi na iska shiga jiki, saboda haka abin da ke ƙarƙashinka ya fi wanda ka lulluɓa da shi muhimmanci. Tocila kowa da tasa, ta goshi ta fi, da batir na ajiya. Fawa bank cikakke, wuƙa, igiya mita goma, buta, dadduma, sabulu, buhu biyu na shara, da usur ɗaya a wuyan kowa.

Jakar da za ka goya kada ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyinka: mai kilo 60 ya tsaya a kilo 12. Tunda sansani ɗaya za ku zauna kuna fita kuna dawowa, jakar fita ma ba za ta kai rabin haka ba. Masu nauyi irin su ruwa a sa su jikin baya, abin da ake yawan ɗauka a sama.

8. Akwatin magani

Filasta, bandeji mai naɗewa guda biyu, auduga, aidin, almakashi, ɗan hantsaki na cire ƙaya da kaska, farasitamol, maganin ƙaiƙayi da kumburi, man korar sauro, man kaɗanya don leɓe da ƙafa. Mai shan magani kullum ya zo da nasa har da na ƙarin kwana biyu.

Tun kafin a tashi kowa ya san abin yi idan maciji ya sari wani, domin yankin Alkaleri da kudancin Gombe ƙasar kububuwa ce. A kwantar da mutumin, a cire zobe, agogo da takalmi kafin kumburi, a ɗora ƙafar a kan sanda a naɗe ta sako-sako don kada ta motsa, a ɗauke shi zuwa mota, a nufi asibiti. Ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure da igiya tamau, ba a tsayawa neman macijin, ba a ɓata lokaci a wajen mai magani. Dafin kububuwa hana jini daskarewa yake yi, tsagawa kuwa ƙara zubar jinin take. A fara da asibiti mafi kusa, a sanar da su maganin dafi ake nema. Asibitin masu saran maciji na Kaltungo ya shahara a wannan fanni, akwai kuma asibitin koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) a Bauchi.

9. Hanya

A duba mota ana jibi tafiya: tayoyi da sifiya, jak, ruwan lagireto, birki. A cika tanki a gari. Daga Bauchi a ɗauki hanyar Gombe zuwa Dindima, a karya kudu zuwa Mainamaji inda babbar ƙofar gandun take, kimanin kilomita 29 daga Dindima. Masu zuwa daga Gombe za su wuce garin Alkaleri kafin su kai mararrabar. Daga ƙofa zuwa sansanin Wikki akwai sauran sama da kilomita 40 a cikin daji.

A tashi da sassafe, a yi niyyar isa kafin azahar. Wannan zai ba ku lokacin biyan kuɗi, ganin jagora, da kafa tanti da sauran rana. A bar wa wani a gida sunayen 'yan tafiya, lambar mota da ranar dawowa.

Gargaɗi: bayan an wuce ƙofa a rage gudu, dabbobi na tsallaka titi ba sallama. Kada a sauka daga mota don ɗaukar hoto. Idan giwaye sun tare hanya, a tsaya nesa, kada a yi hon, a jira su wuce.

10. Kafa tanti, da zama da birai

Inda ma'aikata suka nuna nan za a kafa, ko da ka hango wani wuri da ya fi maka kyau. A cikin wurin, ka zaɓi fili mai ɗan tudu, ka duba sama kada a samu busasshen reshe, ka duba ƙasa kada a samu ramin tururuwa ko shuri. Ka share duwatsu da ƙaya da reshe, ba da hannu ba. Shimfiɗa tamfol, baza tanti, kafa turakun kusurwa huɗu tukuna, sannan a zura sanduna a ɗaga. Turaku a karkace ake buga su, kansu na kallon waje. Ƙofa ta juya wa arewa maso gabas baya, domin daga can iskar hunturu ke busowa. Zif a rufe koyaushe, ko fita minti ɗaya za ka yi.

Yanzu gwaggon biri. Waɗanda ke Wikki sun saba da mutane har sun daina jin tsoro. Za ka ga babban namiji zaune can gefe yana sosa ciki kamar bai san da ku ba, alhali idonsa na kan hannun da ke riƙe da leda. Da mai ledar ya juya kai, taku uku ya iso, ya fizge, kafin a ce kwabo yana kan bishiya yana yage burodin yana kallonku. Sun san murɗa hannun ƙofa, sun san zura hannu ta gilashin mota da aka bari a sauke, kuma sun fi raina yara da mata. Don haka abinci a but ɗin mota yake kwana, a kulle, ba a cikin tanti ba. Tanti ba komai ba ne a wajen haƙoransu. A ci abinci tare, mutum ɗaya na tsaye da sanda. Kada a ba yaro abinci a hannu ya yi yawo da shi. Idan biri ya ƙwace abu, a bar masa, kada a bi shi.

Kuma don Allah kada a ba su abinci da gangan don a ɗauki bidiyo. Kowace ayaba da aka miƙa musu ƙara musu ƙarfin hali take a kan baƙon da zai zo bayanku, wanda ƙila da ƙaramin yaro zai zo. Gadu ma na kiwo a cikin sansani. Ba ruwansa da kai muddin ba ka matsa masa ba, musamman mai 'ya'ya.

11. Fita da ƙafa

Da yammacin ranar isowa ku zauna da jagora ku tsara fitar gobe: ina za a je, awa nawa, da mota za a fara ko daga sansani. Ku faɗa masa gaskiyar ƙarfinku. Wuraren da aka fi kai baƙi sun haɗa da Kogon Marshall, ɗakuna 59 da mutanen dā suka sassaƙa a jikin dutsen yashi, da rijiyoyin Dukkey sama da 130 masu haɗe da juna ta ƙarƙashin ƙasa, da tudun Kalban mai shimfiɗaɗɗen kai inda ake hango daji ta kowace fuska. Galibi mota ke kai ku kusa, sannan a ƙarasa da ƙafa. Ga sabon shiga, kilomita 6 zuwa 8 a safiya ɗaya ya isa. A daji da ƙyar ake wuce kilomita 3 a awa.

A tashi bayan sallar asuba da zarar gari ya waye, a dawo kafin ƙarfe sha ɗaya. A jeru layi ɗaya, jagora a gaba, mafi rauni a bayansa, mai ƙarfi a ƙarshe. Waya a kashe mata ƙara, turare a bar shi a gida, magana ƙasa-ƙasa.

Ka sa ido a kan jagoran, a nan karatun yake. Zai tsaya a kan kashin giwa ya tura bakin takalminsa ciki. Idan cikin da danshi da ɗumi, ba su yi nisa ba. Zai dubi reshen da aka karya ya ga ko ruwan itacen bai bushe ba. Sai ya ɗebi ƙura ya sake ta a hankali daga tafin hannu ya ga inda iska ta kai ta, domin giwa ba ta gani sosai amma hancinta ba ya kuskure. Idan ya ɗaga hannu, kowa ya tsaya cak. Idan ya ce, "Malam, dawo bayana," ba lokacin tambayar dalili ba ne. Ba a shiga tsakanin giwa da ɗanta, ba a shiga tsakanin dorina da ruwa, kuma ɓauna guda da ta ware daga garke ta fi garken hatsari. Ba a gudu sai shi ya ce a gudu, ya kuma nuna inda za a nufa.

Kada ka sa hannu a rami ko ƙarƙashin dutse. Gungume a hanya, ka taka kansa ka duba bayansa kafin ka sauka. Da ka ji wani wuri a ƙafarka ya fara zafi, ka ce a tsaya ka manna filasta tun bai zama bororo ba; minti biyu ne, amma yana ceton yini guda. A kogo da rijiyoyi ba a rubuta suna a bango, ba a ɗaukar ko tsinke. Gwanki, kanki, gwambaza da mazo su ne aka fi cin karo da su, giwa kuwa sai an dace, saboda haka kada a takura wa jagora ya kutsa inda bai yarda da shi ba.

Gargaɗi: wanda ya ɓace wa ayari ya tsaya inda yake, ya busa usur sau uku, ya saurara, ya sake. Yawon neman hanya shi ke nisanta mutum da masu nemansa.

12. Wanka a Wikki

Ruwan ɗumi na maɓuɓɓugar Wikki na fitowa daga ƙarƙashin dutse a digiri 31 dare da rana, rani da damina, garau har kana ganin yashin ƙasa. Bayan tafiyar safe babu abin da ya kai shi. Kusa da bakin dutsen zurfinsa ya kusa mita 2, don haka wanda bai iya iyo ba ya tsaya ta ƙasa inda ruwan bai kai ƙirji ba, yara kuma babba na riƙe da su. Iyali su je da sassafe ko su nemi ma'aikata su nuna musu lokacin da babu cunkoso. Kada a shiga da sabulu ko omo. A bar mutum ɗaya a kan kaya, saboda birai na bin mutane har can.

13. Dare

A gama girki da cin abinci kafin magariba, a wanke kwanuka, a kai shara mota. Wuta sai an tambaya, kuma a inda aka nuna kawai. Ciyawar rani da iskar hunturu ba sa buƙatar fiye da tartsatsi ɗaya. Ba a saran itace a gandu. Kafin kwanciya a kashe wutar da ruwa, a tona tokar a tabbatar. Duk mai fita bayan gida ya haska ƙasa da tocila, ya sa takalmi, ya tashi wani ya raka shi. Da safe a zazzage takalmi kafin a zura ƙafa, kunama na son ɗumin ciki.

Gargaɗi: komai tsananin sanyi, kada a shigar da gawayi, risho ko gas cikin tanti. Hayaƙin da ke kisa ba shi da wari, barci kawai yake ƙara wa mutum. A ƙara bargo, a sa safa da hula.

14. Kwashe kaya da komawa

A bar rana ta busar da raɓar tanti kafin a naɗe. A ɗaga tamfol a hankali daga gefe ɗaya, domin wani abu na iya kwana a ƙarƙashi. A ƙirga turaku. Sannan kowa ya jeru a bi filin taku-taku a tsince leda, murfin gora, gwangwani da guntun igiya, a fita da su har gari. Dabbobi na haɗiye leda mai ƙanshin abinci, kuma tana kashe su. Idan da sauran lokaci a leƙa ɗakin adana kayan tarihi na sansanin, inda aka ajiye fatu da haure da tarkunan da aka ƙwace daga mafarauta. A sallami jagora, a sanar da ofis an tafi, a kama hanya yadda za a isa gida kafin duhu.

A gida kowa ya duba jikinsa, musamman hammata, matsematsi, bayan gwiwa da cikin gashi, ko kaska ta maƙale. Idan an samu, a kama ta da hantsaki daf da fata a ja a miƙe, kada a murɗa, a goge wurin da aidin. A sake baza tanti a inuwa yini ɗaya kafin a ajiye, in ba haka ba zai yi fumfuna. Duk wanda zazzaɓi ya kama cikin mako biyu zuwa uku bayan dawowa, ko wurin cizon ƙuda ya kumbura ya ƙi warkewa, ya je asibiti a yi masa gwaji, kuma ya gaya wa likita cewa daga daji ya dawo.